Hidimar Masu Shan Wahala: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Ziyara a Ikilisiyoyin Gombe

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa a bakin masu hidimar ziyara, daga cikin garin Gombe har Billiri, Kaltungo da ƙauyukan Balanga: 'yan Zumuntar Mata, dattawan ikilisiya, matasa, da fastocin da aka tura sabon wuri. Mun haɗa abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar da abin da ma'aikatan lafiya suka sani. Inda magana ta shafi magani, likitan da ya ga maras lafiyar da idonsa shi ke da ta ƙarshe.

Wannan hidima ta fasto ce, ko ta kowane mai bi?

Ta kowa ce. A Matiyu 25:31-46 Yesu ya lissafa mutum shida: mai jin yunwa, mai jin ƙishi, baƙo, marar sutura, maras lafiya da wanda ke kurkuku, ya kuma ce abin da aka yi musu, shi aka yi wa. Babu ɗaya cikin shidan nan da sai mutum ya je makarantar tauhidi kafin ya iya. Faston da ke riƙe da majami'u uku a ƙauye da babur ɗaya ba zai iya sanin wanda ya kwana da yunwa a kowane gida ba, amma maƙwabciya ta sani.

Sai dai "aikin kowa" yakan koma aikin da ba mai yi in ba a raba shi ba. Ikilisiyar farko ma ta gamu da haka. A Ayyukan Manzanni 6 an yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai aka ɗanka musu aikin. Ku ma ku raba unguwanni, ku rubuta sunan wanda ke da alhakin kowane gida, a san wa za a tambaya in aka yi sati ba a leƙa ba.

In maras lafiya ya tambaye ni, "Me na yi wa Allah?", me zan ce?

Kada ka yi hanzarin amsawa. Yawancin masu yin wannan tambaya kuka suke yi, ba bayani suke nema ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma nan ne suka fi yi masa amfani. Da suka buɗe baki suna laluben zunubin da ya jawo masa masifa, sai da Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba, kamar yadda yake a Ayuba 42:7. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya.

Don haka ka guji waɗannan: "bincika rayuwarka", "da kana da bangaskiya da ka warke", "wani ya fi ka shan wahala", da "mai bi ba ya kuka". Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Abin da za ka iya cewa da gaskiya kaɗan ne: "Baba, wannan abu da nauyi yake. Allah bai yashe ka ba, mu ma ba za mu yashe ka ba. Zan dawo ranar Alhamis." Sai ka dawo ranar Alhamis ɗin. In yana so a karanta masa Magana, Zabura 13, 22 da 88 addu'o'in mutanen da suka kai ƙara gaban Allah ne ba tare da ɓoye ɗacin ransu ba. Sau da yawa sun fi shiga zuciyar mai ciwo fiye da ayoyin nasara.

Yaya ake ziyarar asibiti yadda ba za ta zame wa maras lafiya kaya ba?

Mutum biyu ko uku sun isa, minti goma zuwa sha biyar. Ku tambayi lokacin ziyara kafin ku tashi daga gida, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ne a Gombe ko babban asibitin ƙaramar hukuma. Ku wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita. Mai mura ko tari ya zauna gida ya aika gaisuwa. Kada a zauna a kan gado, kada a taɓa robar ƙarin ruwa, kada a ɗaga takardun likita ana karantawa.

Ku nemi izini kafin addu'a, ku kuma yi ta da murya ƙasa-ƙasa. Ɗaki ɗaya ne da mutum goma ko fiye, wani an fito da shi daga tiyata da asuba, wani Musulmi ne, wani bai runtsa ba tun jiya. Ku gai da na gadon dama da na hagu, "sannu, Allah ya ƙara sauƙi", ba ya cin komai. Wa'azi da tafi da waƙa a bar su sai an koma gida.

Sannan ku dubi ƙasan gadon. Za ku ga tabarma a naɗe, fulas, ƙaramin bokiti da silifas. Mai su ita ce mai jinya, mata ce ko 'ya ko uwa, wadda wataƙila kwananta tara tana barci a kan siminti, tana wankin zannuwa da asuba, tana bin layin biyan kuɗi. Kowa na tambayar jikin maigida, ba mai tambayarta ko ta ci abinci. Ku ce, "Mama, je ki gida ki yi wanka ki huta, ɗaya daga cikinmu za ta zauna har la'asar." Wannan ya fi kwalin lemo.

Me ya kamata mu riƙa a hannu?

Tambayi mai jinya a waya tukuna. Galibi abin da ake bukata sabulu ne, garin wanki, zani mai tsabta, kunu ko fate mai laushi, da kuɗin magani. Kada a ba maras lafiya ko da ruwa sai an tambayi nas: wanda za a shiga da shi tiyata ana hana shi ci da sha na wasu sa'o'i, mai ciwon sukari lemon kwalba na cutar da shi, mai ciwon ƙoda kuma ana auna masa ruwa da gishiri. Kada kuma a shigo da jiƙe-jiƙe a ɓoye a ba shi. Wasu na karo da maganin asibiti, wasu na lalata ƙoda da hanta.

Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne? Ai Yakubu ya ce a kira dattawa su yi addu'a.

Yakubu 5:14-15 gaskiya ne, a kira dattawa, su yi addu'a su shafa mai. Amma ba inda ya ce a zubar da magani. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Ishaya, wanda ya kawo wa sarki Hezekiya albishir ɗin ƙarin shekara goma sha biyar, shi ne ya ce a ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun. Basamariyen nan na misalin Yesu ya wanke raunukan wanda 'yan fashi suka doka da mai da ruwan inabi, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya biya dinari biyu, ya ce zai dawo ya cika sauran.

Abin da ke kashe mutane a nan shi ne dakatar da magani bayan an yi addu'a an ji sauƙi. Hawan jini ba ya ba da sanarwa, mutum na iya jin garau jininsa na sama, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Maganin tarin fuka wata shida ne cur. Wanda ya bari a wata na biyu don tari ya tsaya, cutar na iya dawowa da ƙarfin da maganin farko ba ya jin ta. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau da ya daina shan ƙwayoyinsa, cutar na sake yaɗuwa a jininsa. Mai farfaɗiya da ya yanke magani farat ɗaya na iya faɗuwa a wuta ko rijiya. Wanda ya gaskata Allah ya warkar da shi, ya je a gwada, likita ya tabbatar, sannan ya ba da shaida. Haka Yesu ya aiki kutaren da ya warkar wurin firist ya duba shi.

Batun azumi kuma: mai allurar ciwon sukari, mai ciki, mai shayarwa, mai gyambon ciki da wanda ake ba magani bayan cin abinci, kada a matsa musu. Fasto ya faɗi haka daga kan bagade lokacin da yake sanar da azumi, don da yawa kunya ke hana su tambaya.

Muna da tsohuwa da ɓarin jikinta ya shanye, an sallamo ta gida. Me za mu koya wa iyalinta?

A nan ne hidima ta fi tsawo, a nan ne kuma masu ziyara suka fi saurin janyewa. Abu huɗu ke kashe wanda ke kwance: gyambon kwanciya, shaƙewa da abinci, ciwon mafitsara, da kaɗaici.

A juya ta duk bayan awa biyu: dama, baya, hagu. Mutum biyu su yi, da zani a shimfiɗe ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya, a ɗaga da zanin, kada a ja ta a kan katifa, kada kuma a finciki hannun da ya shanye don kafaɗar na iya gocewa. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta zauna a iska. Kullum lokacin wanka a duba ƙashin baya wajen kugu, gefen ƙugu biyu, dunduniya, idon sawu da bayan kai. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Abin da za a gani shi ne wuri ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko zafi, ko tauri. In an ga haka, kada ta sake kwanciya a kan wurin, kada kuma a murza shi. In fata ta buɗe, a kira ma'aikacin lafiya, a bar toka da man juye da garin ƙwayar magani.

A shimfiɗa leda mai kauri a kan katifa, sannan zanin auduga a sama, kada fatarta ta taɓa ledar, musamman a zafin Maris da Afrilu. Da ta jiƙe a canza. Ɓarɓashin tuwo ko ƙullin zani a ƙarƙashinta ya isa ya fara gyambo.

Wajen ci, a zaunar da ita sosai, a ba ta da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye, a duba kuncin ɓangaren da ya shanye ko abinci ya maƙale. Kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya. In tana tari ko muryarta na gurgura bayan kowace loma, a dakata a gaya wa likita, domin abincin na iya bin hanyar huhu. Ta ci gaba da zama rabin awa bayan ta gama. In tana da robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararta kullum, ba a kan ƙasa ba, a kuma lura da zazzaɓi ko fitsari mai wari.

A motsa mata gaɓoɓi a hankali sau biyu a rana don kada su sandare. A fito da ita tsakar gida da yamma ta ga jikoki. A yi magana da ita, ba a kanta ba. Ko da bakinta ya karkace, tana jin "wannan ai ta gama yawo". Zumuntar Mata ta yi jadawali: mata biyu kowace Talata da Juma'a, awa uku, don mai jinya ta je kasuwa ko ta yi barci.

Maciji ya sari ɗan'uwa a gona. Me za mu yi kafin asibiti?

A ƙasar Tangale da Waja wannan tambaya ce ta rai da mutuwa, musamman lokacin shuka da girbi. Macijin da ya fi yin ɓarna shi ne kububuwa, kuma dafinta na hana jini daskarewa. Mutum na iya tafiya da ƙafarsa yana cewa ba komai, bayan sa'o'i ko kwana jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ko ya zuba a cikin kai.

A kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure wa ƙafar sanda sako-sako kamar ta mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a tsaya neman baƙin dutse ko macijin. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. A nufi asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo, ko asibiti mafi kusa da ke da allurar kashe dafi. A can za su ɗebi jini su ajiye a kwalba minti 20 su ga ko ya daskare. Addu'a a yi ta a kan hanya. Ikilisiyar ƙauye ta san tun yau wane ne mai mota ko babur da za a tasa ko da tsakar dare, a kuma ware kuɗin mai a hannun ma'aji.

Yaro na gudawa da amai, asibiti da nisa?

Bushewar jiki ke kisa. A zuba ƙunshi ɗaya na garin ruwan gishiri da sukari na asibiti cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu. In babu, a haɗa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri cikin lita ɗaya. Kada gishirin ya zarce haka. A ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, a kuma ci gaba da ba shi nono. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In idanu sun faɗa, ya kasa sha, ya yi lagwas, ko akwai jini a kashin, a tafi asibiti ko da dare ne.

Akwai cututtukan da ya kamata mu yi nesa da masu su?

Ƙanjamau ba ya bin musafaha, ko kwano ɗaya, ko kujerar majami'a. Ku ci tare da shi, ku kuma riƙe sirrinsa. Mai tarin fuka a ziyarce shi a waje ko a ɗaki mai buɗaɗɗun tagogi. Bayan ya yi makonni yana shan magani daidai, haɗarin ɗauka na raguwa ƙwarai. Gwaji da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma duk wanda tarinsa ya kai sati biyu a gidan a kai shi gwaji. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu. In ta tashi, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti biyar a tafi asibiti.

Wanda ke bukatar taka-tsantsan sosai shi ne zazzaɓin Lassa, wanda ke yawan ɓulla da rani a wannan yanki, musamman ta wajen Bauchi. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, a kai asibiti, kada a taɓa jini da amai da hannu tsirara. In ma'aikatan lafiya suka ce su za su shirya gawa, a bar musu. Ɗora hannu da wankan gawa a irin wannan hali sun sha kwashe masu jinya.

Yaya za mu tafiyar da asusun jinƙai ba tare da rigima ba?

A raba shi da asusun gini da na albashi. Mutum uku su riƙe shi, a ciki har da mace, sa hannun biyu ya fitar da kuɗi. A yanka adadin da za su iya fitarwa nan take in abin gaggawa ne, ba sai an jira taron dattawa ba, domin mai naƙuda ba ta jiran ranar Lahadi. In kuɗin asibiti ne, a je a biya a karɓo rasit. Duk wata uku a karanta wa ikilisiya abin da ya shiga da abin da ya fita, ba tare da sunan kowa ba.

Kada a tsayar da gwauruwa gaban jama'a da buhun masara a ɗauki hoto a sa a Facebook. Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da dama ke yi, kuma akwai masu gwammace yunwa da wannan tonon asiri. A kai kayan gida da yamma.

Abu biyu na rage wa asusu nauyi. Na farko, a bincika ofishin inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, a ga ko za a iya yi wa tsofaffi da gwauraye rajista. Na biyu, matasa su rubuta sunayen masu ba da jini da rukunin jinin kowa. Mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, mai lafiya, na iya bayarwa, namiji duk wata uku, mace duk wata huɗu. Mai haihuwa da jini ya ɓalle mata da yaro mai amosanin jini sun fi kowa cin moriyar wannan takarda.

An yi rasuwa. Bayan gaisuwa, me ya rage mana?

Kusan komai. Ranar jana'iza gida cike yake, kwaya na waƙa, tukwane na kan wuta. Sati biyu bayan haka an kwashe rumfa da kujeru, baƙi sun koma, sai mace ta zauna da takalman mijinta a bakin ƙofa. A nan ne ake bukatarku. Ku rubuta ranakun komawa: sati na biyu, ƙarshen wata, wata na uku, lokacin biyan kuɗin makaranta, Kirsimeti na farko, da ranar cika shekara. Ku ambaci sunan mamacin, ku bar ta ta ba da labarinsa ko sau nawa ne. "Ya haƙuri, Mama?" ya isa buɗe magana. Kada a ce wa wadda ta rasa jariri "za ki haifi wani".

Dattawa kuma su tsaya wa iyali kan kashe kuɗi. Ajiye gawa makonni, anko, saniya, ɗab'in littafin jana'iza, duk na iya cinye gonar da marayu za su ci. Ikilisiya na da bakin da za ta ce a sauƙaƙa ba tare da an zargi iyalin da rowa ba.

Dangin miji na neman kwashe kayan gwauruwa. Mu shiga, ko maganar gida ce?

Ku shiga, da ladabi. Ishaya 1:17 ya ce a tsaya wa maraya, a kare hakkin gwauruwa. Tun kwanakin makoki a taimaka mata ta tattara takardun fili da gida, takardar aure, takardun banki da na fansho, da takardar shaidar mutuwa, a yi kwafinsu a ajiye wani wuri. Kada ta sa hannu kan komai cikin ruɗewa. Dattawa biyu su zauna da manyan dangin, in ya ƙi a je wurin mai unguwa ko hakimi, in ya ƙi nan ma a nemi ofishin ba da taimakon shari'a kyauta. Ku tuna wa dangin cewa 1 Timoti 5:8 su ya fara ɗora wa nauyin kula da ita.

Namiji, ko fasto ne, kada ya riƙa zuwa gidanta shi kaɗai. Ya tafi da matarsa. Game da jari kuma, a fara da abinci da kuɗin makaranta. Jarin da aka ba mai yunwa tukunya yake shiga.

Wani ya ce mini ya gaji da rayuwa. Aljanu ne, ko me?

Ka ɗauki maganar da gaske, ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona da igiya da ƙwayoyi daga gidan, a gaya wa mutum ɗaya amintacce cikin iyalinsa, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar. Wannan sirri ne da ba a riƙewa. Kada a yi masa wa'azin jahannama. Iliya ma ya roƙi mutuwa a gindin itace, abin da Allah ya fara aiko masa shi ne abinci da ruwa da barci.

Ciwon damuwa mai tsanani, taɓin hankali bayan haihuwa, da ruɗewar da zazzaɓi ko ƙwaya ke kawowa duk cututtuka ne da ake magani. A yi addu'a, amma ɗaure mutum da sarƙa, dukansa ko hana shi abinci da sunan fitar da aljanu zalunci ne.

Waɗanda rikici ya koro fa?

Tun wajen 2014 iyalai daga Borno, Yobe da arewacin Adamawa suka shigo Gombe, da yawa suka rarrabu cikin gidajen dangi da na haya. Bukatarsu ta wuce ta tabarma da bargo. Yanzu gonar aro ce, kuɗin haya, gurbin makaranta da takardun da suka ƙone. Kada a sa su ba da labarin abin da suka gani a gaban ikilisiya don a motsa baiko. Kada kuma a matsa musu kan gafartawa a ziyarar farko. A ba su aiki a majami'a. Wanda ya yi shekara ashirin yana dattijo a garinsu ba ya so ya ƙare a layin karɓar masara.

Taimakon namu na masu bi ne kaɗai?

A'a. Galatiyawa 6:10 ya ce mu yi wa kowa alheri, musamman iyalin bangaskiya. Maƙwabcinka Musulmi da gobara ta ci shagonsa maƙwabcinka ne. Kada a ɗaura wa taimako sharaɗin zuwa coci.

Muna so mu ziyarci gidan gyaran hali.

A rubuta wa shugaban gidan takarda tukuna, a tambayi abin da aka yarda a shigar. Sabulu, man shafawa, silifas da garin kwaki sun fi yawan amfani. Kada a karɓi saƙo ko wasiƙa a fitar a ɓoye. Ku tambayi jami'in walwala ko akwai waɗanda ƙaramar tara ce kawai ta riƙe su, a biya ta hannun kotu a karɓi rasit. Ku kuma leƙa matar da yaran da ya bari a gida.

Ni mai ziyara ce, na gaji har ba na son ɗaga waya. Na yi zunubi?

Ba ki yi ba, 'yar'uwa. Yesu ya ce wa almajiransa su zo gefe su ɗan huta domin ko sukunin cin abinci ba su samu. Yetro, surukin Musa, ya gaya masa cewa in ya ɗauki aikin shi kaɗai zai gaji ya gajiyar da jama'a. Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da gida biyu ko uku masu nauyi a lokaci guda. Ki gaya wa shugabar zumunta a sauya ki na wata ɗaya, kada ki ɓace shiru iyalin su yi ta zuba ido.

Likita ya ce ba sauran abin yi. Yaya za mu zauna da wanda ke bakin mutuwa?

Ko magani ya ƙare, kulawa ba ta ƙare ba. A roƙi likita maganin zafin ciwo mai ƙarfi, a ba shi a kan lokaci, ba sai ya fara nishi ba. In ya tambaya ko zai tashi, kada a rufe shi da "kar ka faɗi haka". A ce, "Baba, me kake ji a ranka?" Wataƙila yana so ya yi wasiyya, ya nemi gafarar ɗan'uwa, ko ya sa wa jikoki albarka. A kira waɗanda yake son gani tun yana iya magana. A rubuta wasiyyar gaban shaidu biyu. A kira fasto ya kawo Jibin Ubangiji, in ɗan Katolika ne a kira fada ya shafe shi.

A kwanakin ƙarshe zai daina son abinci, kada a ɗura masa, yana iya shaƙewa. A jiƙa tsumma mai tsabta a riƙa goga masa a leɓe da harshe, a shafa ɗan man kaɗanya a leɓen. Numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, maƙogwaro na iya yin ƙara, hannu da ƙafa su yi sanyi. A gaya wa iyali tun da wuri don kada su firgita, a juya shi ta gefe a ɗaga kansa kaɗan. A rage mutane a ɗakin, a fitar da gardamar gado da ta kuɗin akwati waje, domin mai yiwuwa yana ji ko da bai amsa ba. Mutum ɗaya ya zauna kusa da kansa, ya riƙe hannunsa, ya faɗi sunansa kafin ya yi magana, ya karanta Zabura 23 ko ya rera masa waƙar da ya fi so a hankali, da Tangale ko Waja ko duk harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi. A yi karɓa-karɓa duk awa uku har gari ya waye.